Hoton MRI na furostet ba ya ƙona jiki

A Zariya har gobe akwai dattawan da in likita a asibitin koyarwa na Shika ya rubuta musu hoton MRI, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka, saboda matsalar fitsari, sai su noƙe. Wai na'urar tana sakin haske mai ƙona jiki ya kashe mazakuta. Wannan magana ba ta da tushe, kuma tana jawo jinkirin da ke damuna ƙwarai.

Babu irin hasken eksire a cikin MRI. Maganaɗisu ne mai ƙarfi, galibi tesla 1.5 ko 3 a ma'aunin ƙarfin maganaɗisu, da igiyar rediyo. Akwai ma salon da ke auna sinadaran cikin furostet, ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ba tare da yanka ba. Lafiyayyen furostet yana tara sinadarin sitiret da yawa. Inda sankara ta kama, sitiret kan ragu, wani sinadari mai suna kolin ya ƙaru. Wannan bambancin na iya taimaka wa likita ya gane wurin da zai ɗebi ɗan nama, don gwajin naman ne ke tabbatar da cutar.

Abin tsoro na gaske ƙarfe ne, saboda maganaɗisun na iya jan sa. Mai na'urar bugun zuciya, ko ɓarɓashin ƙarfe a ido, ya faɗa wa ma'aikata kafin ya shiga ɗakin.