Auren 'yan'uwa na jini: a ina halasci ya tsaya?

Akwai auren dangi da duniya ta haɗu a kan hana shi?

Akwai. Uba da 'yarsa, uwa da ɗanta, kaka da jika, wa da ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya: babu ƙasar da za ta ɗaura wa waɗannan aure a yau. A da can sarakunan Masar sun riƙa auren 'yan'uwansu mata don kada sarauta ta fita daga gida, amma wannan ya zama tarihi. Saɓani yana farawa ne idan aka matsa gaba kaɗan, aka zo kan 'yar baffa, 'yar kawu, 'yar gwaggo da 'yar ƙanwar uwa.

Me Musulunci ya ce?

Aya ta 23 ta Suratun Nisa'i ta jero muharramai. Ta fuskar jini guda bakwai ne: uwa, 'ya, 'yar'uwa, 'yar'uwar uba, 'yar'uwar uwa, 'yar ɗan'uwa da 'yar 'yar'uwa. Kalmar uwa ta haɗa da kakanni har sama, 'ya kuma ta haɗa da jikoki har ƙasa. 'Yar'uwa ko ta uba ce kawai, ko ta uwa kawai, hukuncin ɗaya ne.

'Ya'yan baffa da na kawu ba sa cikin jerin, kuma aya ta 50 ta Suratul Ahzab ta ambaci halascinsu ƙarara. Annabi (SAW) ya auri Zainab bint Jahsh, 'yar gwaggonsa Umaima.

Abin da mutane suka fi sakaci da shi shi ne shayarwa. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa shayarwa tana haramta abin da nasaba take haramtawa. A cikin dangi kuwa, inda mace kan ɗauki jaririn 'yar'uwarta ta ba shi nono ba tare da ta ɗauki abin a bakin komai ba, nan ne haɗarin ya fi yawa. 'Yar kawun da jini ya halasta maka, nono yana iya haramta maka ita har abada. Imamu Shafi'i ya ce sai an sha sau 5, Imamu Malik da Abu Hanifa kuwa sun ce ko kaɗan ne ya isa, muddin yaron yana cikin shekarun shan nono.

Kiristanci fa?

Sura ta 18 ta Littafin Firistoci ta jero waɗanda aka hana, kuma 'ya'yan wa da ƙani ba sa ciki. Cocin Katolika ce ta faɗaɗa hanin daga baya har zuwa mataki na bakwai na dangantaka, kafin babban taron cocin da aka yi a Lateran a 1215 ya rage shi zuwa huɗu. A dokar cocin ta 1983, 'ya'yan wa da ƙani ba sa aure sai da izinin bishop.

Dokokin ƙasashe sun yi daidai da na addini?

Ko kusa. A Ingila auren 'ya'yan wa da ƙani halal ne a doka, kuma Sarauniya Victoria da kanta ɗan kawunta Albert ta aura a 1840. Charles Darwin ma 'yar kawunsa Emma ya aura a 1839. A Amurka kowace jiha da tata dokar: kusan rabinsu sun hana, wasu sun bari, wasu sun sa sharaɗi. Jihar Arizona ta yarda ne idan dukansu sun kai shekara 65, ko ɗayansu ba ya haihuwa, abin da ke nuna cewa 'ya'ya ake ji wa tsoro. Dokar aure ta Sin ta 1980 ta hana shi. Koriya ta Kudu ta fi tsanani, don hanin ya kai ga waɗanda suka haɗu a kakan kaka. Norway ta hana shi a 2024.

Wani wurin kuma dokar ta fi addini sassauci. A Sweden, doka ta taɓa ba 'yan uba ko 'yan uwa ɗaya da uba daban damar neman izinin hukuma su yi aure. A Faransa shugaban ƙasa yana iya ba kawu izinin auren 'yar 'yar'uwarsa. A Indiya, dokar auren Hindu ta 1955 ta hana auren dangi na kusa sai inda al'adar al'umma ta yarda, shi ya sa a kudancin ƙasar ake samun kawu ya auri 'yar yayarsa. Musulmi kuwa ko doka ta buɗe masa wannan ƙofa, addininsa ya rufe ta.

Gaskiya ne 'ya'yan irin wannan aure suna zuwa da nakasa?

A nan nake so a tsaya a fahimta, domin masu kushewa suna zuzuta haɗarin, masu karewa kuma suna musanta shi baki ɗaya, kuma duka biyun suna cutar da iyalai.

Kowane mutum yana ɗauke da wasu ƙwayoyin gado masu lahani a ɓoye. Ba sa cutar da shi saboda kwafi ɗaya ya gada, ɗayan lafiyayye ne. Cuta tana bayyana ne idan yaro ya gaji irin ƙwayar guda daga uwa da uba. 'Ya'yan wa da ƙani sun yi tarayya a kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu, don haka yiwuwar su ɗauko lahani iri ɗaya daga kaka ɗaya ta fi ta bare da bare. Wani babban bincike da aka yi a birnin Bradford na Ingila, aka buga a 2013, ya nuna haihuwar jariri da nakasa ta tashi daga kusan kashi 3 cikin 100 zuwa kusan kashi 6. Ninki biyu ke nan, amma kuma kashi 94 na jariran ba su zo da nakasar ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne maimaitawa. Idan wa da ƙani suka auri ya da ƙanwa, 'ya'yansu sun yi tarayya a kashi ɗaya cikin huɗu, daidai da 'yan uba. Aurensu halal ne a shari'a, babu ja, amma a jini kusancinsu ɗaya ne da na waɗanda aka haramta wa juna. Idan kuma kakanni da iyaye duk auren gida suka yi, lissafin yana ƙara hawa. Gidan sarautar Habsburg na Sifaniya sun yi kusan shekara 200 suna auren junansu, har aka haifi Sarki Charles na II da tarin cututtuka, ya rasu a 1700 bai bar magaji ba.

To ya kamata a hana shi da doka?

Ni ban ga haka ba. Kusan kashi 10 cikin 100 na mutanen duniya ko dai ma'aurata ne 'yan dangi ko 'ya'yansu, kuma hani yakan tura mutane su ɗaura aure a ɓoye, matar ta rasa kariyar doka kan gado da ciyarwa. Gwaji kafin aure ya fi amfani. Saudiyya ta wajabta gwajin sikila da talasimiya, wata cutar jini ta gado, tun 2004. Idan namiji da mace duk AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, dangi ne su ko bare. Dangin da suka san an sha rasa jarirai a gidansu, ko akwai kurumta ko wata cuta da take ta dawowa, su ga likitan cututtukan gado kafin a sa rana. Halascin aure bai ɗauke wa kowa wannan nauyi ba. Kuma yarinyar da aka ce sai ɗan baffanta ko tana so ko ba ta so, matsalarta tilas ce, ba zumunci ba.

Wanda zai zauna a wata ƙasa kuma ya bincika dokarta tukuna, don ba kowace hukuma ce take amincewa da auren da aka ɗaura a waje ba.

Idan sai bayan aure aka gano muharramai ne fa?

A shari'ar Musulunci raba su ake yi nan take. Tunda cikin rashin sani aka yi, babu haddi a kansu, 'ya'yan kuma ana danganta su ga ubansu. Irin wannan ya faru a zamanin Annabi (SAW). Bukhari ya ruwaito cewa Uƙba ɗan Haris ya yi aure, sai wata mata ta zo ta ce ta shayar da shi da matarsa. Ya ce bai san da wannan ba, ya hau abin hawa daga Makka zuwa Madina ya kai tambaya. Annabi ya ce masa ta yaya zai ci gaba da zama da ita alhali an riga an faɗa. Uƙba ya rabu da ita, ta auri wani.