Warware Haɗin Hannun Wasa da Na'urar Gem

Warware haɗi shi ne goge rajistar da na'urar wasan bidiyo ta yi wa wani kayan aiki marar waya, kamar hannun wasa ko abin sauraro na kunne, ta yadda ba za su ƙara neman juna ba sai an sake haɗa su. Wannan daban yake da kashewa. Hannun da aka kashe bai manta da na'urarsa ba, da zarar an danna maɓallinsa zai kama ta, wani lokaci ma ya tashe ta daga barci.

Yadda haɗin yake

Ranar da aka fara haɗa su, kowanne yana ajiye adireshin ɗan'uwansa tare da wani mabuɗin sirri da suka yi tarayya a kai. PlayStation da Nintendo suna yin wannan ta Bluetooth, a zangon 2.4 GHz. Tunda ajiyar gida biyu take, gefe ɗaya na iya mantawa ɗayan yana riƙe. Hannun PlayStation 4 mai suna DualShock 4, alal misali, na'ura ɗaya yake riƙewa a lokaci guda: idan aka haɗa shi da wayar salula ya bar tsohuwar na'urar ke nan, amma sunansa na iya zama a jerinta har sai an goge.

Masu sayarwa ko bayar da aro su ne suka fi buƙatar gogewar, sai kuma masu gidajen gem da ke jera na'urori a ɗaki ɗaya. Can ne hannu kan ɓace wa teburinsa, yaro ya danna a nan, na'urar da ke can gefe ta amsa.

PlayStation

A PlayStation 4, wadda Sony ta fitar a 2013, ana shiga saituna, sashen Devices, sannan Bluetooth Devices. A zaɓi kayan, a danna OPTIONS, a zaɓi Forget Device. A PlayStation 5 ta 2020 jerin ya koma ƙarƙashin Accessories, umarnin kuma Delete ne. Amfanin tsarin Sony shi ne ana cire kaya ɗaya a bar sauran. Ya fi dacewa a yi aikin da wani hannun wasan daban, ba wanda ake son gogewa ba.

Abin kiyayewa a nan shi ne kebul. Wanda ya goge hannunsa na ƙarshe ba zai dawo da shi ba sai ta USB, kuma yawancin ƙananan kebul masu arha caji kawai suke yi, ba sa ɗaukar bayanai. Sau da yawa hannun da ake zaton ya lalace lafiyarsa lau, kebul ɗin ne bai dace ba.

Nintendo

Switch, da ta fito a Maris 2017, tana ɗaukar hannu har 8, amma gogewarta ta bai-ɗaya ce. A sashen Controllers and Sensors akwai Disconnect Controllers, inda ake riƙe maɓallin X har ta manta da dukkansu. Ba a yin haka sai an ciro na'urar daga mazauninta na talabijin. Joy-Con kuwa, wato ƙaramin hannun da ke maƙale a gefen Switch, da an zura shi a gefen na'urar ya koma rajista. Abin sauraro na Bluetooth, wanda aka ƙara a Satumba 2021, yana da jerinsa daban mai ɗaukar guda 10, kuma shi ana cire shi ɗaya bayan ɗaya. A tsohuwar Wii ta 2006, riƙe jan maɓallin SYNC da ke jikin na'urar na daƙiƙa 15 shi ke share komai.

Xbox

Microsoft ba ta Bluetooth take haɗa hannu da Xbox ba, tana da tsarinta mai suna Xbox Wireless. Babu wurin goge hannu a saitunanta, kuma wannan gibi ne na gaske ga mai na'ura fiye da ɗaya. Hanyar da ta rage ita ce a haɗa hannun da wata Xbox ɗin, sai ya saki ta farko. Haɗa shi da waya ba lallai ya wadatar ba, domin hannun da ya zo da Series X da Series S a 2020 yana riƙe Xbox ɗaya da na'urar Bluetooth ɗaya a tare, ana sauyawa tsakaninsu da danna maɓallin haɗi sau biyu.