Aptama da toshe yaɗuwar ciwon daji

Aptama wani ɗan guntun zare ne na DNA ko RNA, silli ɗaya, da yake naɗe kansa ya ɗau wata siffa har ya iya cafke furotin guda ya riƙe shi gam. Ana gwada shi don hana ƙwayoyin ciwon daji, wanda mu nan Sudan aka fi ce wa saratan, mannewa a bangon jijiyar jini su bazu.

Tarihi

A 1990 aka fara samar da shi, kuma wuri biyu ne a Amurka suka yi kusan lokaci guda: Craig Tuerk da Larry Gold a jami'ar Kolorado, sai Andrew Ellington da Jack Szostak a Boston, waɗannan biyun na Boston ne ma suka raɗa sunan aptama daga kalmar Latin aptus, wato abin da ya dace daidai. Dabarar sunanta SELEX, kuma kamar tankaɗe gari take, a zuba zaruruwa biliyoyi kan furotin da ake so, a wanke waɗanda ba su kama ba, a hayayyafa waɗanda suka kama, a sake, a sake, wajen sau goma ko fiye har a samu na kirki. Maganin aptama na farko da aka amince da shi, pegaptanib, a 2004 ya fito, amma na ciwon ido ne.

Yadda yake aiki

Ƙwayar saratan in ta ɓalle ta faɗa jini ba ta iya kafa sabon gida sai ta samu abin dafawa, irin furotin E-selectin da ke bangon jijiya. To aptama sai ya riga ta zama a wurin. An gwada a ɓeraye masu ciwon nono, yaɗuwar ta ragu. Wannan matakin na yaɗuwa ne ke cinye mutane wallahi, mata da yawa da aka saba kaiwa asibitin Zarra na Khartoum ko cibiyar Wad Madani sai likita ya duba ya ce intishar, wato ciwon ya yaɗu, daga nan sai kimawi, wato maganin kashe ƙwayoyin saratan.

Wani aptama mai suna NOX-A12 yana kama furotin CXCL12 ya fizgo ƙwayoyin saratan daga maɓoyarsu cikin ɓargo, an gwada shi kan mutane, haka ma an gwada wani aptaman, AS1411.

Matsaloli

Jini na narka aptama da wuri, ƙoda kuma ta tace shi ta fitar a fitsari, shi ya sa ake ɗaura masa wani sinadari mai suna PEG ya yi nauyi. Ko zai maye gurbin antibodi, wato furotin ɗin garkuwar jiki da ake magani da su, masana sun saɓa.