Zanen Sarki Louis na 14 cikin kayan sarauta

Wannan zane ne na fentin mai wanda Hyacinthe Rigaud, mai zane haifaffen garin Perpignan da ke kudancin Faransa a yau, ya yi wa sarkin Faransa Louis na 14 a shekarar 1701. Tsayinsa kusan mita 2.8, faɗinsa kusan mita 1.9.

Asali

A 1700 jikan sarkin ya hau gadon sarautar Sifaniya da sunan Philip na 5. An ce tun farko saboda shi aka sa a yi zanen, don ya riƙa ganin kakansa a Madrid. Da aka gama, sai ya burge fada ƙwarai, aka riƙe shi a Versailles, fadar sarkin da ke kusa da Paris, aka sa a yi kwafinsa. Fuskar kaɗai Rigaud ya fara zanawa a wani ɗan ƙyalle daban, daga baya aka ɗinke shi a jikin babban. Sarki ba shi da lokacin zama a gaban mai zane har a gama alkyabba.

Abin da ke ciki

Sarkin na tsaye, ya yafa shuɗiyar alkyabbar naɗi mai furannin zinariya, tambarin gidan sarautarsu, cikinta farar fatar wata ƙaramar dabba da ake kira ermin, mai ɗigon baƙi. A ƙugunsa takobi ne mai suna Joyeuse, wanda ake dangantawa da Charlemagne, wani babban sarkin Turai na dā, ko da yake masana na jayayya kan shekarunsa. Kambin ba ya kansa, yana gefe a kan matashi. Sandar sarauta kuwa ya kifa ta, ya dogara a kanta kamar sandar yawo, alamar mulkin da ya zama jiki. Takalmansa masu jan dunduniya ne, adon 'yan fada na lokacin.

Ƙafafun ne aka fi yin magana a kansu. Fuskar ta dattijo ce da ya haura sittin, kumatu sun zube a ƙarƙashin gashin aro, amma ƙafafun na matashi ne, irin na gwanin rawar da ya kasance a samartakarsa. Alhali a lokacin ciwon gaɓoɓi ya riga ya addabe shi.

Ana ruwaito cewa in sarki ba ya nan, zanen ke tsaya masa, kuma ba a juya masa baya.

Bayan haka

Rigaud ya zana Louis na 15, magajin sarkin, da irin wannan tsari, sarakunan Turai da dama suka bi sahu. Asalin zanen yana gidan tarihi na Louvre a Paris.