Tambayoyi da Amsoshi Kan Kiwon Kajin Gida a Lokacin Damina

Shin ruwan sama da kansa ne yake kashe kaji?

Babbar kaza mai cikakken gashi tana iya jure yayyafi, ta kakkaɓe jikinta ta ci gaba da kiwo. Abin da ya fi yi wa kaji illa shi ne laimar da take zama a cikin akurki bayan an ɗauke ruwa, musamman a watan Agusta lokacin marka, sa'ad da ƙasa ba ta samun ranar da za ta busar da ita. 'Yan tsaki kuwa lamarinsu daban ne, domin sai sun kai kimanin mako 6 gashinsu yake cika, kuma kafin nan jiƙewa sau ɗaya tana iya hallaka su. A makonsu na farko suna bukatar ɗumi kusan digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, sannan a riƙa ragewa a hankali kowane mako. Haka nan 'yan zabi, waɗanda yawanci da damina ake ƙyanƙyashe su a ƙarƙashin kaza, kada a bari su bi uwa cikin ciyawa mai raɓa da sassafe.

Wace cuta ce ta fi yawa a wannan lokaci?

Zawon jini, wanda likitocin dabbobi ke kira koksidiyosis. Ƙwayar cutar tana fita cikin kashin kaza, kuma idan ta sami ɗumi da danshi, cikin kwana 1 zuwa 2 ta nuna ta zama mai kama duk kazar da ta tsince ta. Za a ga tsako ya takure, ya saki fukafukai, ya daina cin abinci, wani lokaci da jini a kashinsa. Ana ba da maganin amprolium a ruwan sha bisa umarnin likita, amma magani ba zai yi amfani ba muddin shimfiɗar akurki tana jiƙe. Sauro ma yana yaɗa ƙurajen da ke fitowa a zanko da gefen ido, tsutsar ciki kuma tana ƙaruwa saboda ƙwari da tanar ƙasa da kaji ke tsinta. Cutar Nukasil, wata annobar kaji mai saurin yaɗuwa, ta fi ɓarna da hunturu, sai dai wannan ba dalili ba ne na jinkirta rigakafinta, irin wanda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato take samarwa.

Yaya ya kamata a gyara akurki?

A toshe yoyon rufi, a ɗaga daɓen ya fi tsakar gida tudu, a haƙa 'yar magudana a kewaye. A ƙasar Hausa hadari ya fi tasowa daga gabas, saboda haka wannan ɓangaren ne ya fi bukatar kariya. Kuskuren da ake yawan yi shi ne lulluɓe akurki duka da leda. Iska ba ta shiga, warin kashi ya taru, ya jawo wa kaji ciwon ido da na numfashi. A bar kafar iska ta sama. A shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko dusar katako, a kwashe duk inda ya jiƙe, a kuma ajiye musu busasshiyar ƙasa gauraye da toka domin birgima, tunda ita ce ke rage musu ƙuma da ƙwarƙwata.

Abincin da ya ɗan yi fumfuna fa, a shanya shi a ba su?

A'a. Masara, dusa ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna yana iya ɗaukar gubar afulatoksin, wadda ke lalata hanta da rage ƙwai, kuma shanya ba ta kawar da ita. A ɗora buhu kan katako nesa da bango, a sayi abin da zai ƙare cikin ɗan lokaci.