Wat nawa zan ɗauko? Tambayoyi da amsoshi kan amfilifayar bes a ƙaramin gidan shaƙatawa

Tun da na baro Kaduna na sauka Agege, da jitar bes nake ci: daren Juma'a da na Asabar a gidajen shaƙatawa na Ikeja da Surulere, wani lokaci biki. Ƙannenmu 'yan Arewa masu tasowa a wannan sana'a, idan an tashi daga gwajin kiɗa muka zauna wurin mai shayi, tambayarsu ba ta wuce ta amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa jita sauti: wace iri za a kai wurin da bai wuce mutum hamsin ko ɗari ba? Ga tambayoyin yadda suke zuwa mini, da abin da nake gaya musu.

Yaya, a taƙaice dai, wat nawa?

Idan da mai ganga, ka nemi wat 200 zuwa 300, da sifika ɗaya mai inci 15 ko biyu masu inci 10. Idan babu ganga, daga kai sai mai fiyano da mawaƙi, wat 50 zuwa 100 ya wadatar har da saura.

Amma ni ba da wat nake farawa ba. Abu na farko da nake tambayar shugaban ƙungiya a waya shi ne: wa zai zauna kan ganga? Akwai makaɗin da ke shafa ganga kamar yana lallashin jariri, akwai kuma wanda ke dukanta kamar tana riƙe masa bashi. Ganga ba ta da maɓallin rage murya, don haka ita ke yanke wa kowa iyakar ƙara. A Legas kuma sau da yawa akan ƙara da mai kalangu, wanda Yarabawa ke kira gangan, da masu konga. To duk ƙarƙashinsu za ka shimfiɗa tabarmarka.

Mai jitarmu wat 40 gare shi, kuma yana cika ɗaki. Me ya sa ni sai 300?

Saboda ba kaya ɗaya kuke ɗauka ba. Tsirkiyar bes mafi kauri, wato E, tana girgiza ne kusan sau 41 a daƙiƙa. Idan mai tsirkiya biyar ce, B ta ƙasa tana sauka zuwa wajen 31. E ta jita kuwa sau 82 take yi, kuma yawancin abin da mai jita ke kaɗawa ya fi haka nesa ba kusa ba, yana can inda kunnen ɗan Adam ya fi ji. Sautin ƙasa kunne ba ya kama shi da sauƙi, sai sifika ta tura iska mai yawa, tura iska kuwa wuta yake ci.

Akwai kuma wani abu. Amfilifayar jita idan aka matsa mata ta fara shaƙewa, mutane daɗin hakan suke ji. Ta bes idan ta shaƙe, sai ka ji kamar ana yaga buhu. Shi ya sa muke son rara: ba za ka ƙure wat 300 ɗin ba, amma duk sanda ka fizgi tsirkiya da ƙarfi akwai wurin da sautin zai shiga bai tsage ba.

Ke nan idan na ninka wat, ƙarar ta ninka?

Ina! Nan ne kuɗin mutane da yawa ke salwanta. Daga wat 100 zuwa 200 desibel 3 kacal ka ƙara (desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti), abin da za ka ji ya ɗan motsa amma ba zai ba ka mamaki ba. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka sai an ƙara wajen desibel 10, wato ninkin wuta sau goma: daga 100 zuwa 1000. Don haka wanda ya sayar da mai wat 150 ya yi ciko ya sayi mai 200, canjin suna kawai ya yi.

Inda riba take shi ne sifika. Akwatin sifikar da ya fi wani iya mayar da wuta sauti da desibel 3, tamkar ya ninka maka wat ne kyauta. Faɗin sifika ma yana aiki: biyu masu inci 10 sun fi ɗaya mai inci 12 tura iska, huɗu kuwa sun fi ɗaya mai inci 15.

Sannan ka kula da om, wato ma'aunin yadda sifika ke turje wa wutar da amfilifaya ke tura mata. Yawancin amfilifayoyin zamani ba sa ba da cikakken ƙarfinsu sai a om 4. Ɗauki Fender Rumble 500: da sifikokin cikinta kaɗai wat 350 take bayarwa, sai ka jona mata wani akwati mai om 8 sannan ta kai 500 ɗin da aka rubuta. Akwati biyu masu om 8 idan an jona su gefe da gefe sun zama om 4. Biyu masu om 4 kuwa sun zama om 2, kuma idan ba a rubuta a bayan amfilifayar cewa tana ɗaukar 2 ba, kada ka gwada. Za ta yi zafi ta ɗauke, in ma ba ta ƙone ba.

Na ga wata a Alaba an rubuta wat 3000, kuma da araha.

Araha ba ta ado, ƙanena. Juya ta ka duba ƙananan haruffa. Idan ka ga PMPO, lambar talla ce, ba ta gaya maka komai kan abin da za ta iya riƙewa dare guda. RMS za ka nema, wato lambar wat ɗin da take iya bayarwa a kai a kai. Kasuwar Alaba da ke Ojo akwai kaya na ƙwarai a cikinta, amma ka tafi da jitarka da wayar jona ta, ka sa a jona, ka kaɗa E a buɗe da ƙarfi ka saurara ko takardar sifikar tana karkarwa.

Idan tokumbo ce daga Amurka, ka duba wutar da take sha. Tasu 120 ce, tamu 230. Wasu suna da maɓallin sauyawa a baya, wasu sai da taransifoma mai rage wuta. Na taɓa ganin hayaƙin irin wannan kuskure da idona, tun kafin a kaɗa ko waƙa ɗaya.

Gidan suna da miksa da lasifikokinsu. Sai na kai tawa?

Ka tambaya ko suna da manyan akwatunan nan na ƙasa masu fitar da dum-dum, waɗanda ake kira sab. Idan akwai, an sauke maka rabin kaya: ka ba mai miksa sautinka ta DI, wato ramin nan mai ƙafa uku da ke bayan yawancin amfilifayoyi, taka kuma ta zama don kai da mai ganga ku ji kanku. A nan kwambo, wato amfilifaya da sifika a akwati ɗaya, mai wat 100 kamar Rumble 100, wadda nauyinta bai wuce kilo 10 ba, ta gama aiki. Idan ka jona sai ka ji gurnani yana fita, danna maɓallin da ke kusa da ramin mai raba wayar ƙasa, galibi sai ya yi shiru.

Idan kuwa 'yan sifikoki biyu ne a kan sanda don muryar mawaƙi, kada ka ɗora musu bes. Za su shaƙe, muryar mawaƙin ta dagule, kai za a zarga. Sai ka ɗauki nauyin ɗakin da akwatinka.

Kuma ko manaja ya rantse maka cewa komai akwai, ka tafi da taka.

Ba gara in kai babba in rage murya ba?

A ka'ida haka ne, babba mai rara ba ta cutar da sauti. Bayanka da aljihunka take cuta. Farkon zuwana, don a san na iso, na yi hayar akwati mai sifika takwas, irin wanda kamfanin Ampeg ya fito da shi tare da amfilifayar SVT mai wat 300 a 1969 don manyan filaye. Na biya kuɗin kujera uku a danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, muka kwashe sa'o'i a cunkoso, sannan mu uku muka yi ta nishi da shi a wani siririn bene. Muna fara waƙa ta biyu kofuna suka soma rawa a kan tebur, manaja ya zo ya raɗa mini a kunne cewa in rage. Dare guda maɓallin muryata bai wuce lamba biyu ba. Abin da ya saura a kuɗina bayan haya da mota ko shayi da burodi bai kai ba.

Manajan ba mugunta ya yi ba. Hukumar kare muhalli ta jihar Legas, LASEPA, tana rufe gidajen shaƙatawa da wuraren ibada saboda hayaniya, kuma sautin bes ne ke ratsa bango ya isa ɗakin maƙwabci bayan muryar mawaƙi ta tsaya a ƙofa.

Yanzu ƙa'idata ita ce jita a baya, amfilifaya a hannu ɗaya, jakar wayoyi a ɗayan, tafiya guda. Kawunan zamani, wato amfilifaya zalla da ake jona wa akwatin sifika daban, irin Markbass Little Mark, mai wat 500 a om 4, ba su kai kilo 3 ba. Ka tuna kuma tun Yunin 2022 aka hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Apapa da wasu ƙananan hukumomi, don haka daga tasha zuwa ƙofar gidan ƙafarka ce.

Ina tsaye gabanta ba na jin kaina, amma na baya suna cewa ta yi yawa.

Akwatin yana ƙasa, gwiwoyinka yake yi wa kiɗa. Ka jingina shi ya kalli kunnenka, ko ka ɗora shi kan kiret. Kuma tsawon zangon sautin E ya kai wajen mita 8, yana dukan bango ya dawo, a wani lungu ya taru a wani ya ɓace. Kusurwa tana ƙara masa kauri, don haka idan ɗakin tayil ne da gilashi, ka janye daga kusurwa, ka rage maɓallin ƙasa, ka ɗan ɗaga na tsakiya. Lokacin gwaji ka sa doguwar waya ka taka har ƙofa kana kaɗawa.

A fili kuma akasin haka ne. Ba bango, kuma duk ninkin nisa yana cin desibel 6. Wurin da yake tsakar gida ne ƙarƙashin rumfa, nan ne akwati na biyu ke biyan kuɗin motarsa.

Idan an ɗauke wuta ana tsaka da kiɗa fa?

Kashe amfilifayarka nan take, kafin su tada janareta. Ka bari ya daidaita, miksa ta kama, sannan ka kunna taka a ƙarshe. Idan an tashi kuma, taka ce farkon kashewa. Ni ina yawo da ƙaramar sitabilaiza da fiyus biyu a aljihun jakar jita, kuma kafin in jona nakan bi wayar da ido in tabbatar ba layi ɗaya muke da firizar lemo ba.