"Sista, Nonona Ba Ya Isarsa"

Kwananta uku da haihuwa aka kawo ta. Haihuwar fari ce, idanunta sun yi jajir saboda rashin barci, jaririn kuma yana kafaɗar surukarta yana ta tsala kuka. Tun kafin su zauna ta ce mini, "Sista, ni fa ba ni da ruwan nono. Tun da na haife shi wani abu ne rawaya-rawaya yake fitowa, shi ma ɗis-ɗis." Surukar ta zuge jaka ta fito da ɗan kofi da ƙaramin cokali, ta ce, "'Yata, da wannan muke ɗan jiƙa masa maƙoshi, kada ƙishirwa ta illata mana shi."

Ban ga laifin ko ɗaya daga cikinsu ba. Tsoro ne ya kama uwar, ƙauna ce kuma ta sa kakar ɗauko cokali. A shekarun da na yi ina wannan aiki, kusan duk wata gurguwar fahimta game da shayarwa daga bakin masoyi take fitowa, shi ya sa take da wuyar kankarewa. Wadda ta fi kowace yi mana ɓarna kuwa ita ce wannan ta "nonona ba ya isarsa". Daga ita ake zuwa ga ruwa, daga ruwa a koma madarar gwangwani, kafin ka ankara yaro ya saki nono yana wata biyu.

Wannan abu mai kauri rawaya-rawaya da ta raina shi ne dakashi. Wasu na ɗaukarsa a matsayin gurɓataccen nono da ya daɗe a jiki, sai su matse su zubar su jira "mai kyau" ya zo. Wallahi duk lokacin da na ji an zubar da shi sai zuciyata ta sosu. Dakashi cike yake da sinadaran garkuwa da uwa ta tara a jikinta, suna shiga su lulluɓe hanjin jariri su tare ƙwayoyin cuta. Yana da bitamin A mai yawa. Yana kuma taimaka wa jariri ya fitar da wannan baƙin kashi na farko, wanda fitarsa da wuri ke rage haɗarin ciwon shawara. Ƙarancinsa ma da hikima: a ranar farko cikin jariri bai fi ya ɗauki mililita 5 zuwa 7 a lokaci guda ba, wato wajen ƙaramin cokali ɗaya da ɗan ɗori. To ina za a zuba kofi guda? Nono mai yawa yakan sauko ne tsakanin kwana na biyu zuwa na biyar, kuma tsotson da jariri ke yi tun daga farko shi ke kiransa.

Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a ɗora jariri a ƙirjin mahaifiyarsa, fata da fata, ya kama nono cikin sa'a ɗaya da haihuwa. Uwar ma tana da riba a nan. Tsotson yana sa jikinta ya saki wani sinadari da ake kira oksitosin, shi ke matse mahaifa ta koma mazauninta, zubar jini ya ragu. Wannan murɗawar mara da maijego ke ji idan tana shayarwa a kwanakin farko, aikin ke nan yake gudana. Wadda aka yi wa tiyata ma za ta iya shayarwa da zarar ta dawo hayyacinta, sai dai tana buƙatar mai riƙe mata jaririn yadda ba zai danne ɗinkin ba.

Na ce wa yarinyar nan ta ba shi in gani. Nan take na gano inda gizo ke saƙa. Kan nonon kawai yake kamawa da bakin leɓe, yana zuƙa kumatunsa na lotsawa, ita kuma tana runtse ido don zafi. Muka gyara zama. Na juyo da shi cikinsa ya manne da nata, na ce ta shafi leɓensa na sama da kan nono ta jira sai ya wangale baki kamar mai hamma, sannan ta jawo shi da sauri. Ya kama da yawa daga baƙin da ke kewaye da kan nonon, haɓarsa ta taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje. Ɗakin ya yi tsit. Na ce, "Mama, matso ki saurara." Surukar ta sunkuyo, ta ji ƙarar haɗiya a hankali, ƙut, ƙut. Ta ɗago ta ce, "Ikon Allah, ashe akwai."

Da yawan mata an gaya musu cewa shayarwa dole ta yi zafi, sai haƙuri. Ɗan tsami a kwanakin farko ba abin mamaki ba ne. Amma kan nono ya tsage, ya yi jini, uwa ta riƙa fargabar lokacin shayarwa, wannan kusan kullum alama ce ta rashin kamu mai kyau, kuma minti goma a gaban ungozoma na iya warware shi.

Abin da nake so kowace maijego ta riƙe shi ne yadda nono ke aiki. Mutane na ɗaukarsa kamar randa, idan an ɗiba ya ragu, don haka a bar shi ya taru. Rijiya ce mai idon ruwa: gwargwadon ɗiba, gwargwadon ɓuɓɓugowa. Duk sa'ad da jariri ya tsotsa, saƙo na zuwa ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin furolaktin mai haɗa nono, kuma an fi samunsa da dare, shi ya sa shayarwar dare take da muhimmanci duk da wahalarta. Idan nono ya zauna a cike ba a sha ba, jiki sai ya fahimci ba a buƙata, ya rage. To ki duba abin da ke faruwa idan aka ba jariri ruwa ko madara "don a taimaka". Cikinsa ya cika, ya rage tsotso, nonon ya ja baya, sai a ce ai ga shi nan, dama mun faɗa ba ya isarsa. Taimakon ne ya haifar da ƙarancin da ake tsoro.

Sabon jariri yakan sha sau 8 zuwa 12 a cikin awa 24, wani lokacin ya yi ta nema a jere musamman da yamma. Wannan ba ya nufin yunwa ta kama shi. Cikinsa ƙarami ne, nonon uwa kuma yana saurin narkewa. Kuka ma ba ma'auni ba ne, jariri na kuka don zafi, don jiƙa, don iska a ciki, don yana son a rungume shi. Ma'aunin da ba ya ƙarya guda biyu ne, fitsari da sikeli. Daga kwana na biyar zuwa na shida, idan yana jiƙa nafkin sau shida ko fiye a rana, fitsarin fari-fari ba mai duhu ba, yana samun abin da yake buƙata. Nauyinsa zai ɗan ragu a kwanakin farko, haka kowane jariri yake, amma zuwa mako biyu ya kamata ya koma nauyin haihuwarsa.

Maganar ruwa ita ce muka fi kai ruwa rana a kanta da iyaye. "Sista, a wannan zafin? Mu manya ma muna shan ruwa, balle shi." Na fahimta. Amma kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma tsaftatacce. Wanda ke fara fitowa a farkon shayarwa tsararo ne, yana kashe ƙishi. Wanda ke biyo baya ya fi kauri da maiƙo, shi ke ƙosarwa. Don haka ki bar shi ya gama da ɗaya kafin ki juya shi ɗayan, kuma kada ki matso na farkon ki ga ya yi ruwa-ruwa ki ce nononki ba shi da ƙarfi. Idan ana zafi, ke ki sha ruwa, shi ki ƙara ba shi nono. Ruwan da ake ba jariri da cokali ko bulumboti shi ne babbar ƙofar gudawa, gudawa kuwa tana kayar da jinjiri cikin kwana ɗaya. Nono zalla har wata shida, ba ruwa, ba jiƙo, sai maganin da likita ya rubuta. Zuma kuma a jira sai ya shekara, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri.

Masana da suka yi nazari a mujallar likitanci ta Lancet a 2016 sun ƙiyasta cewa da za a shayar da yara yadda ya kamata a duniya, da an ceci rayukan yara fiye da 800,000 a kowace shekara, da mata kusan 20,000 daga sankarar mama.

Girman nono ba shi da alaƙa da yawan ruwansa, kitse ne ke kawo bambancin girma. Haka nan idan bayan 'yan makonni kika ji ya yi laushi ya daina tsatsafowa, jikinki ne ya gane adadin da yaron ke sha.

Uwa ta yi mura ko zazzaɓi ko gudawa, sai a raba ta da jaririn wai kada ya sha ciwo a nono. A lokacin ne ma ya fi buƙatarsa, domin jikinta na haɗa garkuwar wannan ciwon tana miƙa masa. Ta wanke hannu, ta rufe baki idan tana tari, ta ci gaba. Idan nono ya kumbura ya yi ja yana zafi, daina bayarwa na ƙara ta'azzara shi. A ci gaba da shayarwa, idan zazzaɓi ya haɗu ko an kwana ba sauƙi a zo asibiti. Yawancin magunguna ba sa hana shayarwa, amma ki gaya wa likita kina goyo kafin ya rubuta. Mai ɗauke da cutar HIV da ke shan maganinta a kan ƙa'ida ma tana iya shayarwa bisa shawarar asibitin da ke duba ta.

Sai kwanika. Mace ta samu ciki da goyo, a wayi gari a yaye yaro rana ɗaya wai nonon ya zama guba. Bai zama ba. Zai iya raguwa, ɗanɗanonsa ya canza, amma ba ya cutarwa, kuma mai lafiyayyen ciki na iya ci gaba idan tana cin abinci sosai. Yayen gaggawar ne ke jefa yaro cikin rama, sai a ɗora wa nono laifi. A ɗaya gefen kuma, kada a dogara cewa mai shayarwa ba ta ɗaukar ciki. Kariyar tana aiki ne kawai idan abu uku sun haɗu: jaririn bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ɗaya ya warware, a zo a yi maganar tazarar haihuwa.

Akwai matan da da gaske nononsu ba ya wadatarwa, ko wata lalura ta hana su shayarwa. Ba su da yawa, amma suna nan, kuma ba su gaza ba. Irin wannan hukunci a asibiti ake yanke shi bayan an auna yaro an ga kamunsa, sannan a koya musu yadda ake haɗa madara cikin tsafta. Mai komawa aiki ko makaranta kuma ba sai ta yaye ba: ta tatsa a kofi mai murfi da aka wanke sosai, zai kai awa huɗu a ɗaki, kwana huɗu a firiji. Bayan wata shida a fara ba shi abinci, nono kuma ya ci gaba har shekara biyu ko fiye.

Maigida, kai ma da naka. Mai shayarwa sau goma a rana tana buƙatar abinci, barci, da wanda zai ɗauke mata wani aikin, kuma idan 'yan uwa suka taso da maganar ruwa, bakinka ya fi nata tasiri.

Idan jariri ya ƙi kama nono sam, ko ya yi lakwas yana ta barci ba ya tashi sha, ko fitsarinsa ya ragu ya yi duhu, ko idonsa da tafin hannunsa sun yi rawaya, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, kada a jira gari ya waye, a kawo shi. In za ki zo awo na gaba kuma, ki taho da wadda ke zaune da ke a gida, uwa ce ko suruka ko yaya, mu zauna da ita ta ga kamun da idonta ta ji haɗiyar da kunnenta.